Akwatin da Ya Ɓace a Soron Alhaji Maikuɗi

Ranar wata Talata, ana tsakiyar girbin shinkafar damina, Abdulsamad ɗan Alhaji Maikuɗi ya tsaya da babur a ƙofar gidana, ƙaiƙayi ya cika masa gira, ya ce in taso an yi musu sata. Na tambaye shi saniya ce ko injin ban-ruwa. Ya ce a'a, akwatin dish ne. Na dube shi, na sake dubansa. Shekara arba'in ina bin sawu tsakanin Kura da Bunkure. Na bi na shanu, na bi na tumaki, na taɓa kwana biyu a bayan wani jaki da ashe ba wanda ya sace shi, gajiya ya yi da mai shi. Amma ba a taɓa taso ni saboda kayan kallo ba. Na so in ce masa ƙafata na ciwo. Da na faɗa, da yau ba ni da abin da ke ci mini rai. Sai dai tare muka yi yarinta da Alhaji, gidansa ba gidan da zan ƙi zuwa ba ne, don haka na ɗauki hulata na hau.

A hanya yake yi mini bayani, iska na kwashe rabin maganar. Gidan nasu gidan gandu ne, 'ya'ya maza takwas, kowa da sashensa da iyalinsa. Bara da albasa ta yi kyau suka ɗauko wani mai haɗa dish daga Kura, Mudassiru, ya kafa musu ƙaton faranti ɗaya a kan soro. Daga farantin ya sauko da wayoyi huɗu ya ɗaura su a jikin wani akwatin ƙarfe da bai fi faifai girma ba, wanda masu aikin ke kira maltisuwic. Daga akwatin kuma wayoyi takwas suka fita, ɗaya zuwa talabijin ɗin Alhaji da ke soro, bakwai zuwa cikin gida. Kowa da risibarsa, na'urar kama tasha da ake haɗawa da talabijin, kowa ya kalli tashar da ransa ke so ba tare da ya taɓa ta wani ba. Yau da suka dawo daga gona suka tarar duk kallon cikin gida ya ɗauke. Da aka leƙa ɗan ɗakin ajiyar da ke jikin soro, inda aka kafe akwatin a bango, sai ƙusa biyu da wayoyi suna reto.

*

Na tarar da ƙofar gidan a cike. Abin da na fi tsana a aikin nan shi ne mai taimako. Kafin ka iso ya tattake maka ƙasa, ya kuma riga ya kama ɓarawo da bakinsa. Wani na cewa leburorin girbi ne, wani na cewa ai wanda ya kafa abu shi ya san darajarsa, wani kuma na yi wa autan gidan kallon gefe. Na ce kowa ya ja baya, wanda ya motsa ƙafa shi zan fara bi.

Alhaji Maikuɗi na zaune a kujerarsa a cikin soro, carbi a hannu, ƙafarsa mai ciwo a miƙe, sandarsa a jingine. Tun da Hajiya ta rasu shekara uku da suka wuce soron nan ya zama ɗakinsa da fadarsa. Gona kuwa ya bar wa yara. Muka gaisa, na tambaye shi ko ya ga wani ya shigo. Ya ce bayan Azahar barci ya ɗauke shi. Bai ɗago ya dube ni ba, ni kuma na ɗauka tsufa ne.

An ci sa'a a abu ɗaya. Ƙasan ɗakin ajiyar ya sha ƙurar shinkafa, lallausa kamar gari, ko ƙadangare ya wuce sai ya bar shaida. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi abin da aka koya mini tun ina bin mahaifina. Mai bin sawu yakan fara ne da cire sawun 'yan gida, abin da ya rage shi ne nasa. Na ga na Abdulsamad, shi ya shiga ya gano satar, na cire. Na ga silifas ɗin Alhaji da ɗan zagayen da sandarsa ke bari, soronsa ne, na cire. Ya rage saura ɗaya: takalmin roba, dunduniyar hagu ta cinye ta waje. Ya shigo soro, ya tsaya a bakin ɗakin ajiya ƙafa biyu a jere, bai shiga ba, ya juya ya fita da sauri ya nufi kanal, babbar hanyar ruwan noman rani. Na auna da idona, na ga daga bakin ƙofar dogon mutum zai iya miƙa hannu ya kai bangon da akwatin yake. Wannan ya gamsar da ni, don ina son in gamsu.

Tun kallon farko na san mai sawun. Usaini ne, Bafulatanin da rugarsa ke hayin kanal, a gefen gonar Alhaji. Shekara ashirin da takwas yana wurin, ba takarda ba shaida, magana ce kawai tsakaninsa da Alhaji: in an gama girbi shanunsa su shiga su ci bambaro su bar taki. A nan ya haifi 'ya'yansa, a nan ya binne mahaifiyarsa. Kowa kuma ya san tun da aka haƙa wa yaran Alhaji burtsatse a gefen nan suke kwaɗayin filin rugar don tumatir, kunyar ubansu ce kawai ta hana su. Na san idan na ambaci sunan Usaini a taron nan, zamansa a filin ya ƙare. Sai na kifa kwano a kan sawu ɗaya, na ce magariba ta yi, sai gobe.

*

Na fara da waɗanda bakin mutane ya riga ya kama, ina fata ɗaya daga cikinsu ya rage mini aiki.

Salisu shi ne auta. Akwatin baki takwas gare shi, masu so kuwa tara ne, sai aka yi rabo ya ƙare a kansa. Amaryarsa kullum tana yawon ɗakunan matan yayyensa don ta ga fim, kuma an ji shi ba sau ɗaya ba yana cewa wata rana sai ya fizge abin nan kowa ya huta. Na same shi yana wanke ƙafa a bakin famfo. Bai yi musu ba.

"Na faɗa, Baba Datti, kuma ban janye ba. Amma da ni ne, a tsakar gida zan fasa shi kowa ya gani."

Na dubi ƙafarsa, ƙatuwa kamar faranti, babu irinta a ƙurar ɗakin. Ga shi wunin ranar yana jigilar buhuna zuwa injin casa a Kura, mutum goma sun gan shi. Na bar shi da famfonsa.

Washegari da safe na tafi Kura wurin Mudassiru. Na same shi a shagonsa cikin tarin wayoyi, fuska a murtuke, don tun jiya yaran Alhaji suka kira shi a waya suka zazzage masa maganganu. Bai ko ba ni wurin zama ba. Ya ce jiya tun safe har yamma yana kan rufin wani gida a Dawakin Kudu, ya nuna mini hotuna a wayarsa, ya ba ni lambar mai gidan. Ya ce shi da gidan Alhaji Maikuɗi sai a lahira, ko sun sayi sabon akwati su nemi wani ya haɗa musu. Na so in yi masa tambaya a kan wayoyin, amma ban san me zan tambaya ba. Ni ƙasa na sani, abin da ke bango ba karatuna ba ne.

Da na dawo sai na tarar magana ta riga ni. Rauda, matar Abdulsamad, ta gaya wa mijinta abin da ta gani, shi kuma ya sa ta maimaita mini daga bayan ƙyaure. Ta ce tana shanyar shinkafa a gefen gida bayan Azahar ta ga Usaini ya fito daga soro da sauri, da wani abu a hammatarsa a ƙarƙashin riga. Ta gaishe shi bai amsa ba, shi da bai taɓa wuce ta bai tambayi yara ba. Ba ƙarya take yi ba, kuma ba ta so faɗa ba.

Abdulsamad ya ɗaga kwanon da na kifa, ya dube ni. Ya ce, "Baba Datti, ka san sawun nan tun jiya, ko?"

A nan ne girman kai ya ci ni. Ban so a ce Datti ya tsufa, ko a ce Datti na rufa wa wani asiri. Na ce mu bi mu gani.

*

Sawun bai wahalar ba. Bakin kanal da laima, kowane taku ya zauna raɗau. Muka bi ta gefen gonaki, masu bugun shinkafa a jikin duro suna ajiye aiki suna bin bayanmu. Kafin mu haye gadar katako mun kai mutum talatin. Na ga yawansu, na kuma ci gaba da tafiya, kaina a ƙasa, kamar ban san inda nake kai su ba.

Usaini na tsaye a gaban bukkarsa ya dogara da sanda, dogo, siriri, gemunsa ya fi nawa fari. Sirikinsa ya zo gaisuwa ranar, yana zaune a kan tabarma. Na tsaya a gaban Usaini na ce, "Nan sawun ya ƙare." Magana huɗu ce, kuma ba ƙarya a cikinta, amma ban taɓa faɗin abin da ya fi ta muni ba.

Na tambaye shi ko ya je soron Alhaji jiya. Ya ce ya je, ai kusan kullum yana zuwa. Na tambaya ko ya tsaya a bakin ɗakin ajiya. Ya ce ya tsaya. Na ce to me ya kai shi, me kuma ya ɗauko a hammata. Ya juya yana kallon shanunsa.

"Ban ɗauki kayan kowa ba, Malam Datti."

Bai ƙara ko kalma ba. Na juya tambayar ta kowace fuska, ya ƙi. Samari ba su jira ba, suka faɗa bukkoki. Suka zazzage buhuna, suka ɗaga gadon kara, suka sauke jeren ƙoren matarsa Baraka, wanda ta shekara talatin tana tarawa, biyu suka fashe. Ba a sami komai ba. Aka ce ai ya riga ya kai kasuwa. A gaban matarsa da 'ya'yansa da sirikinsa Abdulsamad ya kira shi ɓarawo, wasu suka amsa. Ina tsaye. Na ce a yi haƙuri a bar wa manya, amma a hankali na faɗa, yadda ba zai ɓata mini da kowa ba.

Mai unguwa ya yanke cewa a ba Usaini zuwa Juma'a bayan La'asar. In akwati ya fito, a yi sulhu a cikin gida. In bai fito ba, ya kwashe rugarsa ya bar filin. A gabana Abdulsamad ya kai wa mahaifinsa labari. Na zuba wa Alhaji ido, don na san irin zaman da ke tsakaninsa da Usaini, na ɗauka zai daka wa ɗansa tsawa. Carbin ya tsaya a hannunsa. Abin da ya ce kawai shi ne a bi a hankali.

*

Ranar Alhamis ban iya zama a gida ba. Shirun Usaini ya dame ni. Na ga ɓarayi da yawa, ɓarawo yana da surutu, yana da rantsuwa, yana da shaidu tun ba a tambaye shi ba. Da yamma na bi ta gidan Alhaji don in sake duba ƙurar nan, sai na kasa samun wurin sa ƙafa. Soron ya cika. 'Ya'yansa na jingine da bango, jikoki sun baje a tabarma, matan gida na leƙe ta ƙofar ciki, an kawo kwanukan tuwo nan ana ci. Talabijin ɗin Alhaji na aiki. Na tambayi Salisu yaya aka yi wannan bai ɗauke ba. Ya ce ai na Baba tsoho ne, tun kafin akwati yake, yana kan tsohon layinsa, Allah ya taimake su da shi. Matsalar kawai tashoshin kaɗan ne ke fitowa, yara sai mita suke yi babu tasu.

Na dubi Alhaji. Jika ɗaya na kan cinyarsa, yana ɓare mata gyaɗa, yana gardama da Abdulsamad a kan wani labari da aka nuna. Rabon da in ga fuskarsa haka tun Hajiya na da rai. Na ji daɗi a raina, wautata ke nan, na ce ko ba komai satar ta yi wa tsoho rana.

Juma'a da safe na koma Kura. Niyyata in tambayi Mudassiru inda ake sayar da irin akwatin nan na hannu, ko na bi ta can. Ya ɗan huce, ya ba ni benci. Cikin hira na ce masa ai gidan ba su rasa kallo gaba ɗaya ba, na soro na nan yana yi a kan tsohon layinsa. Yana feƙe bakin waya, sai ya ajiye wuƙar.

"Wane tsohon layi, Baba? Da hannuna na cire shi na naɗe. Babu wata waya a gidan nan da ba ta bi ta akwatin ba."

Na ce to ga shi yana yi, sai dai tashoshin kaɗan ne. Ya ce in sake faɗa. Sannan ya ɗauko wani ƙarfe mai baki huɗu, irin wanda ake ɗaurawa a gaban faranti, ya nuna mini. Ya ce kowane baki kashi ɗaya na tashoshin yake ɗaukowa, akwatin ne ke haɗa kashi huɗun ya raba wa kowa. In an cire akwati, kowane talabijin ya mutu, har na soro. Hanya ɗaya ce zai yi: wani ya ɗauki ɗaya daga wayoyi huɗun nan ya ɗaura ta kai tsaye a bayan risibar. Shi ya sa tashoshin ba su cika ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Na tambaye shi ko aikin na da wuya. Ya ce murɗawa ce kawai da yatsa biyu, ga wanda ya taɓa gani ana yi. Na ce ranar da ya yi aikin wa ya tsaya a kansa. Ya yi dariya ya ce yaran duk suna gona, tsohon ne ya sa kujera ya wuni yana yi masa tambayoyi, wannan ta ina ce, waccan me take yi, har ya gundure shi.

Na daɗe a kan bencin nan. Sannan na roƙe shi ya yi haƙuri ya biyo ni.

Kafin a tafi masallaci na shiga soro ni kaɗai. Na zauna kusa da Alhaji, na ce masa yau bayan La'asar za a tashi Usaini, ko akwai abin da yake so ya gaya mini kafin mutane su taru. Ya sunkuya a kan carbinsa. Ya ce in yi aikina.

*

Bayan La'asar aka taru a soron. Mai unguwa na kan buzu, 'ya'yan Alhaji takwas a jere, Mudassiru a bakin ƙofa da jakarsa, Usaini a can gefe a tsugune, ya ƙi hawa tabarma. Waje kuma ya cika da masu jiran su ga an kori mutum.

Na fara da Salisu, na ce bakinsa ne ya yi laifi, ƙafarsa ba ta shiga ɗakin ba. Na ce Mudassiru yana Dawakin Kudu, kuma an ci mutuncinsa a banza. Sannan na roƙi mai unguwa ya bari a kunna talabijin. Aka kunna, hoto ya fito. Na ce wa Mudassiru ya kama wayar da ke bayan risibar ya bi ta da hannu kowa na gani. Ya bi ta, ta bi jikin bango, ta shiga ɗakin ajiya, ta haura ta hudar rufi zuwa faranti. Ya yi musu bayanin da ya yi mini, a taƙaice.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya cire akwatin nan bai gudu ba. Ya tsaya ya zaɓi waya, ya jawo ta, ya ɗaura wa talabijin ɗaya tak a gidan nan. Sawun Malam Usaini bai shiga ɗakin ba, bai kuma je bayan talabijin ba. Sawu uku na gani ranar Talata. Na cire biyu saboda na 'yan gida ne. Kuskuren nawa ne, ɗaya daga ciki bai kamata in cire shi ba."

Kowa ya juya ya dubi Abdulsamad. Ya miƙe zai yi rantsuwa, sai muryar mahaifinsa ta tsayar da shi.

"Zauna. Yana cikin buhun iri, na uku daga bango. Na san ba mai kwance shi sai lokacin yafi."

Ba wanda ya motsa. Mai unguwa ya sunkuyar da kai. Salisu ne ya tashi ya shiga, ya dawo da akwatin a hannu, ƙwayar shinkafa na zuba daga bakunansa. Ya rasa wanda zai miƙa wa, ya ajiye a ƙasa.

Alhaji ya yi magana yana kallon ƙafarsa mai ciwo. Ya ce da can talabijin ɗaya ne a gidan, a nan soro, kowa in ya ci abinci nan yake zuwa, har faɗa ake yi a kan tasha. Tun da aka kafa akwatin nan, yaro ya dawo daga gona ya ce sannu Baba, ya wuce. Yana jin dariyarsu ta bango, ɗaki bakwai, kowa da tasa. Wata goma sha huɗu, ya ce, yana cin tuwo shi kaɗai.

"Cewa na yi in ɓoye shi kwana biyu su zo su zauna, sai in ce an tsinta. Da aka kama sunan Usaini na ce gobe zan faɗa. Goben ta zo, na ga sorona a cike, na ce a ƙara mini kwana ɗaya."

Ban taɓa ganin ƙarti takwas sun ƙanƙance lokaci guda haka ba. Abdulsamad ya je gaban Usaini ya durƙusa, ya ce ya yafe masa, zai biya ƙoren, zai je har ruga ya faɗa a gaban sirikinsa. Mai unguwa ya ce magana ta mutu, Usaini ya zauna a filinsa har iyakar ransa. Alhaji ya kira sunansa sau biyu. Usaini ya miƙe, ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya yi wa mai unguwa sallama ya fita. Mutane suka watse suna cewa an yi sulhu. Ni na ga bai dubi kujerar Alhaji ba ko sau ɗaya.

*

Ranar Lahadi da hantsi aka aiko Alhaji na nemana. Masu zuwa gona sun tarar da rugar wayam, an kwance bukkoki, an kashe murhu, sai turaku. Na sami Alhaji ya fito har ƙofar gida da sandarsa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya kama hannuna ya ce in bi masa sawun nan, in dawo masa da mutuminsa, duk abin da Usaini ya ce a yi za a yi.

Sawun shanu arba'in ko makaho ya bi. Na bi ta burtali, na haye kanal biyu, rana ta take kafin na cim musu a wani fili da aka gama girbi a hanyar Madobi. Usaini na zaune a gindin ɗorawa. Ya matsa mini a tabarma, Baraka ta kawo mini nono a kwanon roba. Na sha da ƙyar.

Na ba shi haƙuri a kan nawa laifin, ya ce aikina na yi. Na isar da saƙon Alhaji. Sai ya ce ranar Talatar nono ya kai wa Alhaji a gora, kamar yadda ya saba. Ya shiga soro bai gan shi a kujera ba, ya leƙa ɗakin ajiya, ya gan shi tsaye da akwatin a hannu yana tura shi a buhu. Suka haɗa ido. Kunya ta kama shi, ganin dattijo a wannan hali, ya juya da goransa a hammata bai ce komai ba.

Na ce to me ya hana shi faɗa ranar da muka je masa da taro.

"In tona asirin mutum a gaban 'ya'yansa, bayan na ci abincinsa shekara ashirin da takwas? Na ce shi zai faɗa. Laraba na jira shi, Alhamis na jira shi. Ya san na sani, Malam Datti. Yana zaune aka ce mini ɓarawo."

Na ce tsufa ne da kaɗaici, ya tausaya masa. Ya ce ya tausaya, kuma ya yafe har ga Allah. Ya ce shi ma ya san kaɗaicin, ai shi ya sa yake barin shanu kullum ya je ya zauna da shi. Amma ba zai iya sake shiga soron nan ya gaishe shi su dubi juna ba. Ya roƙe ni kada in faɗi inda na same shi, don ya san Alhaji zai sa a ɗauko shi a mota da ƙafar nan tasa, shi kuma ba ya so ya ce masa a'a baki da baki.

Na iso gari rana ta yi sanyi. Alhaji na nan a ƙofar gida inda na bar shi, an fito masa da kujera. Tun daga nesa yake duba bayana ko akwai wani. Da na matso ya yunƙura zai tashi.

"Ka same shi?"

Na tsuguna na gyara masa sandarsa da ta faɗi. Na ce na bi har bakin kwalta, a nan motoci suka tattake komai, sawun ya ɓace mini.

Ya daɗe yana kallona. Tare muka tashi, ya san babu kwaltar da za ta ɓatar mini da shanu arba'in.

"To," ya ce. "Sannu da wahala, Datti."